John Queen: Ɗan Ƙwadagon Da Aka Zaɓa Yana Gidan Yari

Ranar 29 ga Yuni, 1920, mutanen birnin Winnipeg da ke lardin Manitoba a ƙasar Kanada suka fita zaɓen majalisar dokokin lardinsu. Da aka gama ƙirgen ƙuri'u, sai ga mutum uku cikin waɗanda suka yi nasara ba su da halin fitowa su karɓi barka, domin suna tsare a gidan yari: William Ivens, da George Armstrong, da John Queen. 'Yan watanni kafin nan kotu ta ɗaure su shekara guda-guda bisa zargin haɗa baki don tunzura jama'a su yi wa hukuma bore. Ba su hau mumbari ba, ba su zaga unguwa ba, ba su gaisa da kowa a bakin masana'anta ba. Abokan aikinsu ne suka yi musu yawon neman ƙuri'a, matansu da maƙwabtansu suka bi gida-gida, har aka kai su majalisar gwamnatin da ta ɗaure su.

Labarin na ukun nake so mu bi tare, 'yan'uwana ma'aikata, ku da ke tashi da asuba ku dawo bayan magariba, ku da wata ke ƙare muku tun yana da kwana goma. Na zaɓe shi ne saboda ba shi da wani abin da ku ba ku da shi. Ba ɗan sarauta ba ne, ba lauya ba ne, bai gaji ko sisi ba.

An haifi John Queen a 1882 a ƙasar Sukotland, ya koyi sana'ar haɗa gangunan katako, ya yi ƙaura zuwa Winnipeg a 1906. A can ya daɗe yana tuƙa keken doki na wani kamfanin wanki da guga, yana karɓo kayan datti yana mayar da wankakku, a garin da sanyin hunturunsa kan daskarar da kogi har mutane su bi ta kansa da ƙafa. Wanda yake irin wannan aiki babu lungun da bai sani ba. Yana ganin manyan gidajen attajiran hatsi da na jirgin ƙasa a kudancin birni, yana kuma ganin unguwar Arewa, can bayan makeken filin taragun kamfanin jirgin ƙasa, inda baƙi 'yan Yukiren da Yahudawa da 'yan Folan da Jamusawa ke cunkushe a gidajen haya, inda cuta ke ɗibar jarirai fiye da ko'ina a garin. Abin da idonsa ya gani shi ya kai shi cikin jam'iyyar 'yan gurguzu masu bin tafarkin zaɓe, kuma a 1916 ya zama kansila a majalisar birni.

Ku tsaya a nan tukuna, kada ku raina kujerar. Mu ma'aikata mun saba ɗaga kai mu kalli fadar shugaban ƙasa, mu yi ta muhawara a kan wanda zai hau da wanda zai sauka, alhali kujerar da ta fi kusa da tukunyarmu mun bar wa wanda ya ga dama. A majalisar birni ake yanke inda famfo zai bi, da wanda za a ɗora wa haraji, da albashin mai shara da na ɗan kwana-kwana, da ko za a kyale mai gidan haya ya zuba iyali uku a ɗakin da ba taga. A Winnipeg ta wancan lokaci ma sai mai dukiya ko mai biyan wani adadi na haya ke da ƙuri'a a zaɓen birni, abin da ya rufe wa ɗimbin leburori ƙofa. Duk da haka ma'aikatan da ke da ƙuri'ar suka tattara ta wuri guda suka tura nasu. Amfanin hakan bai daɗe ba ya bayyana. A 1918 ma'aikatan birni suka shiga yajin aiki, wasu kansiloli suka kawo ƙudurin haramta musu yaji gaba ɗaya. Queen da abokinsa A. A. Heaps, wanda shi ma mai sana'ar hannu ne, mai yi wa kujeru katifa, suka tsaya a cikin zauren suna faɗa da ƙudurin, sauran ƙungiyoyi kuma suka ajiye aiki a waje. Da ciki da waje suka haɗu, sai majalisar ta sassauto aka yi sulhu.

Sai 1919 ta zo. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, farashin abinci da na haya ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuwa yana rarrafe a baya. Annobar murar 1918 ta shiga gidajen talakawa ta yi ɓarna. Sojoji sun dawo daga fagen fama babu aikin yi, yayin da masu masana'antu suka cika aljihu da kwangilolin yaƙi. Maƙera da masu aikin ƙarfe suka nemi manyan kamfanoni uku, Vulcan Iron Works da Manitoba Bridge da Dominion Bridge, su zauna da haɗaɗɗiyar majalisar ƙungiyoyinsu a yi ciniki a kan albashi da sa'o'in aiki. Kamfanonin suka ƙi. Magina ma suna nasu rikicin da 'yan kwangila. Uwar ƙungiyar ƙwadago ta birnin ta tambayi mambobinta ko za su mara musu baya: sama da 11,000 suka ce e, waɗanda suka ce a'a ba su wuce 500 da 'yan kai ba.

Ranar 15 ga Mayu, tun da sassafe, 'yan matan da ke haɗa layukan tarho suka ƙi karɓar aiki. Da ƙarfe 11 na safe gari ya tsaya cik. Kimanin mutum 30,000 ne suka ajiye kayan aiki, a birnin da yawan jama'arsa bai kai 200,000 ba. Ku duba lissafin nan da kyau: waɗanda suka fita sun ninka masu katin ƙungiya fiye da sau biyu. Ke nan mafi yawansu ba su da ƙungiyar da za ta kare su, ba su da asusun yaji, ba kuma albashinsu ake jayayya a kai ba. Masu sayar da kaya a kantuna, masu gasa burodi, masu dafa abinci a otal, ma'aikatan gidan waya, direbobin taragon cikin gari, duk sun fita ne domin wasu maƙera da ba su ma san su ba. Wannan shi ne abin da ya fi girgiza ni a tarihin nan. Mace mai wanke kwanuka ta san cewa in aka hana maƙeri bakin magana yau, gobe ita ba ta da wurin kai kuka.

Kuma sun riƙe kansu. Kwamitin yaji ya ce kowa ya zauna lafiya, kada a ba hukuma hujja. Da aka ga yara za su rasa madara da burodi, kwamitin ya mayar da masu rabon su bakin aiki, da takarda a jikin kekunansu mai nuna da izininsa suke tafe. Helen Armstrong, matar George Armstrong, ta buɗe wurin cin abinci inda mata masu yaji ke ci kyauta, domin ta san su ne albashinsu ya fi ƙanƙanta, su ne yunwa za ta fara kayarwa. Jaridar ma'aikata, wadda Ivens ke shiryawa Queen kuma ke kula da harkar tallarta, tana fitowa da labarin yajin kullum.

Attajirai su ma ba su kwanta ba. Suka kafa abin da suka kira Kwamitin 'Yan Gari Dubu, suka buga tasu jarida, suka ce wannan ba yaji ba ne, juyin juya hali ne irin na Rasha, kuma baƙi ne ke hura wutarsa. Makami ne da aka daɗe ana amfani da shi: in ma'aikata suka haɗa kai, sai a tuna musu cewa wane ba ɗan gari ba ne, wane ba yarenku ɗaya ba. Gaskiyar ita ce kusan duk jagororin yajin 'yan asalin Birtaniya ne kamar Queen. Da gwamnatin tarayya ta lura da haka, sai majalisa a Ottawa ta gyara dokar shige da fice cikin gaggawa a farkon Yuni, yadda za a iya korar har haifaffen Birtaniya daga ƙasar. 'Yan sandan birni da suka ƙi sa hannu a takardar raba gari da ƙungiyar ƙwadago aka sallami kusan dukkansu, aka ɗebo 'yan sandan wucin gadi aka ba su kulake.

Cikin daren 17 ga Yuni aka bi jagororin gida-gida aka kama, har da kansiloli biyu, Queen da Heaps, aka wuce da su kurkukun Stony Mountain. Ranar Asabar 21 ga wata tsofaffin sojoji masu goyon bayan yajin suka shirya jerin gwano na shiru. Magajin gari Charles Gray ya karanta dokar hana tarzoma, 'yan sandan doki na tarayya suka afka wa taron da kulake, sannan da harsashi. Mike Sokolowski ya mutu nan take, Steve Szczerbanowicz ya cika daga baya saboda raunin da ya samu, wasu da dama suka jikkata. Ranar 26 ga Yuni, bayan mako shida, aka koma aiki.

Ba zan yi muku kwaskwarima ba: an kayar da su. Ba su sami abin da suka fita nema ba. Da yawa sun koma sun tarar an ba wasu gurabensu, an sa sunayen wasu a jerin waɗanda ba za a sake ɗauka ba, wasu sai da suka sa hannu cewa ba za su sake shiga yajin goyon baya ba har abada. Duk wanda ya taɓa komawa bakin aiki bayan yajin da bai yi nasara ba ya san nauyin wannan safiya, ya san yadda ake kasa haɗa ido da abokin aiki, ya san tambayar da uwargida ke yi ba tare da ta buɗe baki ba. Hukumar binciken da gwamnatin lardi ta kafa ƙarƙashin H. A. Robson ta gano cewa tsadar rayuwa da ƙarancin albashi da munin yanayin aiki ne suka haifar da yajin, ba wata maƙarƙashiyar kifar da gwamnati ba. Hakan bai hana a ci gaba da shari'a ba. Babban mai gabatar da ƙara, A. J. Andrews, jigo ne a Kwamitin 'Yan Gari Dubun nan, wato abokin faɗa ne ya koma mai tuhuma. Queen ya tsaya ya kare kansa da bakinsa a gaban kotu. An wanke Heaps, an ɗaure R. B. Russell shekara biyu, Queen da wasu huɗu shekara guda-guda.

To a nan ne darasin yake, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Mutanen da aka tarwatsa a titi da dawaki ba su shige ɗaki sun rufe ƙofa ba. Sun duba abin da ya kayar da su. Ba kamfanoni kaɗai ba ne: hukumomin birni ne suka kori 'yan sanda, magajin gari ne ya hana jerin gwano, gwamnati ce ta sauya doka a yini guda. Suka ce ashe muddin waɗancan kujeru suna hannun masu masana'antu, ko mun tsayar da gari cik, da alƙalami za a karya mu. Sai suka juya ga akwatin zaɓe da irin haɗin kan da suka nuna a yaji. A zaɓen 1920 'yan takarar ƙwadago suka sami kujeru 11 a majalisar Manitoba, gwamnatin T. C. Norris ta rasa rinjayenta. Fred Dixon, wanda aka gurfanar saboda rubuce-rubucensa lokacin yajin aka kuma wanke shi, shi ya fi kowa ƙuri'a a Winnipeg, da tazara mai nisa. Kada a manta da mata: Manitoba ce lardin farko a Kanada da ya ba su ƙuri'a, a 1916, kuma waɗanda suka ci abinci a wurin Helen Armstrong suna cikin masu layi a ranar.

Queen ya fito daga gidan yari ya shiga majalisa, ya zauna a cikinta shekara 21, daga 1920 zuwa 1941, kusan dukkansu a ɓangaren adawa. Wannan zangon ba shi da armashin yaji, babu taron dubbai, babu dawaki. Zaman kwamiti ne, da karanta kasafin kuɗi layi-layi, da tashi a yi magana a kan mafi ƙarancin albashi da diyyar wanda ya ji rauni a wurin aiki da tallafin marasa aikin yi, a kayar da kai a ƙuri'a, shekara ta zagayo ka sake kawowa. Kuɗin zaman majalisa ba ya riƙe gida a lokacin, don haka ya riƙa sayar da motoci yana ciyar da iyalinsa. Ya jagoranci Jam'iyyar Ƙwadago Mai Zaman Kanta a majalisar na wasu shekaru. Abokan gwagwarmayarsa kuma suka nufi Ottawa: J. S. Woodsworth, wanda shi ma aka kama a 1919, ya ci kujerar majalisar tarayya a 1921, Heaps ya bi shi a 1925. Su biyun nan, da Firayim Minista Mackenzie King ya buƙaci ƙuri'unsu don gwamnatinsa ta tsaya, ba su nemi muƙami ba. Fanshon tsofaffi suka nema, kuma a 1927 aka yi dokar da ta ba mabuƙacin da ya kai shekara 70 har dala 20 a wata. Mutum biyu kacal, a majalisa mai kujeru sama da 200. Wanda ke cewa wakili ɗaya ko biyu ba za su iya komai ba, ya zo ya yi mana bayanin wannan.

Kujerar magajin gari ba ta zo wa Queen da sauƙi ba. Ya nema ya faɗi, ya sake nema ya sake faɗi, har da karawarsa da Ralph Webb, magajin garin da bai ɓoye ƙiyayyarsa ga 'yan gurguzu ba. Sai a ƙarshen 1934 ya ci, da 'yar tazara ƙanƙanuwa. Ya yi 1935 da 1936, aka kayar da shi, ya dawo a 1938 ya riƙe har 1942, yana haɗa ta da kujerarsa ta majalisar lardi. Kuma ya karɓi birnin ne a mafi munin lokaci. Tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin alkama ya faɗi warwas, fari ya cinye gonakin yammacin Kanada, dubban magidanta suna layin tallafi, nauyin ciyar da su kuwa a wuyan birane aka fara ɗora shi. Baitulmalin birni ya kusa ƙafewa. Queen ya dage a gyara tsarin haraji yadda manyan kamfanoni za su ɗauki kaso mafi tsoka, ya kuma matsa a kan maganar gidaje, domin bai manta da ɗakunan unguwar Arewa ba.

Akwai waɗanda suka ce ya yi sanyi da ya hau kujera, musamman 'yan kwaminis da ke zaune tare da shi a majalisar birni. Ni ina ganin sukar tana da amfani ko da ba ta yi masa adalci gaba ɗaya ba. Magajin gari ba ya buga kuɗi, kuma yawancin abin da yake so sai majalisar lardi ta sa hannu. Amma wakilin ma'aikata da ba a sa masa ido, ba a tambayarsa ina alkawari, zai iya narkewa cikin kujera komai kyawun zuciyarsa. Ku tura naku, sannan ku bi shi da tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hakan bai tsaya a ranar zaɓe ba.

A watan Mayun 1939 Sarkin Ingila George na Shida ya ziyarci Winnipeg tare da matarsa. Wanda ya tarbe su da sunan mutanen birnin shi ne John Queen. Da sunan mahaifin wannan sarki, George na Biyar, aka gurfanar da shi aka ɗaure shi shekara 19 kafin nan. Bai nemi gafara a kan 1919 ba kafin ya kai wannan matsayi, bai kuma shiga ta ƙofar attajirai ba. Ƙuri'un maƙera da masu wanki da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka tsayar da shi a wurin.

Saboda haka nake ce muku, ku masu aikin gini da ɗinki da tuƙi, ku malaman makaranta da ma'aikatan jinya, ku masu dako da masu gadi: a cikinku akwai wanda ya san unguwa kamar yadda mai keken wankin nan ya san tasa. Kun san shi. Shi ne ke riƙe kuɗin adashi ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ita ce ke tsayawa ta yi wa manaja magana a madadin kowa muryarta ba ta rawa. Ku daina jiran wani mai kuɗi ya zo daga nesa ya raba muku atamfa da sabulu ya tafi da kujerar shekara huɗu. Ku yanki katin zaɓe, ku biya kuɗin ƙungiya, ku halarci taronta ko da ranar hutunku ce, ku koyi karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukumarku. Ku fara da kujerar kansila. In kun tsayar da naku ya faɗi, ku sake tsayar da shi, Queen ma ya sha ƙasa ba sau ɗaya ba. In an zo muku da zancen wane baƙo ne, wane ba addininku ɗaya ba, ku tuna wa ya fara yin wannan zance a Winnipeg da abin da yake karewa. In kuma kun taɓa yin yaji aka karya ku, kada gwiwarku ta yi sanyi. Mutanen 1919 sun binne gawa biyu, sun rasa ayyukansu, shekara guda bayan nan suka cika rumfunan zaɓe.

Queen ya rasa kujerar majalisa a 1941, bayan da jam'iyyarsa ta lokacin, CCF, ta shiga gwamnatin haɗaka ta John Bracken, ya kuma rasa ta magajin gari a 1942. Amma ya rayu ya ga abubuwa biyu. A 1936 aka soke sashe na 98 na dokar manyan laifuka, wanda aka ƙirƙiro a zafin yajin 1919 don murƙushe ƙungiyoyi. A 1944 kuma gwamnatin tarayya ta fitar da doka mai tilasta wa mai kamfani ya amince da ƙungiyar da ma'aikatansa suka zaɓa, ya zauna ya yi ciniki da ita, wato ainihin abin da maƙeran Winnipeg suka fita nema shekara 25 kafin nan. Ya rasu a watan Yulin 1946. Jam'iyyar CCF da Woodsworth ya fara jagoranta ta rikiɗe ta zama NDP a 1961 tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 1969 ta ci zaɓen Manitoba ƙarƙashin Ed Schreyer, ta kafa gwamnati, da ƙuri'un unguwar Arewa a sahun gaba.